Batun tsaro a Binuwai ta arewacin Kamaru: amsa ga mai son dawowa Garwa da iyali da shanu

Wa alaikumus salam Alhaji, na ga tambayarka. Kace ka daɗe a Duwala kana kasuwanci, yanzu kana so ka dawo da iyali Garwa ka buɗe shago, sannan ka sayi 'yan shanu ka ajiye wajen Ngong ko Lagdo, amma labaran da kake ji sun raba maka hankali, wasu na cewa gari ya lalace wasu na cewa ai yanzu lafiya lau, kana son sanin gaskiya laifi ƙaruwa ya yi ko raguwa a departeman ɗin Binuwai, wato yankin mulkin da Garwa ke shugabanta. Ni aikin girefiye, wato magatakarda, na yi a kotu nan arewa har na yi ritaya, takardun da jandarma da 'yan sanda suke turowa parke, wato ofishin mai gabatar da ƙara, ta hannunmu suke bi, kuma har gobe ina zama da abokan aiki muna hira, toh zan faɗa maka yadda abin yake daga inda na tsaya.

Shago cikin gari dai bismillah, ka zo ka buɗe, mutane na kasuwancinsu a babbar kasuwa da Yelwa kullum ta Allah. Batun shanu shine wurin da zan daɗe, saboda duka mutanen da suka ba ka labari gaskiya suka faɗa maka, kowa inda yake kwana ya duba. Wanda ke kwana unguwannin cikin gari kamar Marware ko Pumpumre damuwarsa wayarsa da babur ɗinsa, wanda ke kwana ruga bayan Lagdo ko hanyar Tuboro damuwarsa kar a zo da dare a tafi da ɗansa. Abu biyu ne daban kuma tafiyarsu daban, in ka haɗa su a lissafi ɗaya ba za ka fahimci komai ba.

Bari in fara da maganar adadi tunda shi ka tambaya. Lambobin da kake ji ana karantawa a taron tsaro na gwamna ko na prefe mai riƙe da departeman daga rajista uku suke fitowa, ta komisariyar 'yan sanda cikin gari, ta birgad ɗin jandarma a ƙauyuka da kan hanya, sai ta parke wajen prokirer, lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara. Abin da ya shiga rajista shine kawai abin da wani ya taka da ƙafarsa ya je ya kai ƙara, ko wanda aka kama hannu dumu-dumu. Toh kai ma ka san mutanenmu, in an sace akuya ko buhun masara wajen jauro ake zuwa ko lawan, in abin ya girma a je fadar lamido, a rantsar da mutum a biya a tashi, babu takarda ko ɗaya. In yarinya aka yi wa fyaɗe yawanci iyaye rufewa suke don gudun abin kunya, wannan kam yana ci min rai har yau, saboda wanda ya yi ya san ba za a faɗa ba sai ya sake yi wa wata. In kuma mutum aka ɗauka ana neman kuɗin fansa, abu na farko da ɓarayin ke faɗa a waya shine in ka gaya wa soja gawa za ka ɗauka, sai uba ya sayar da abin da zai sayar ya biya a ɓoye. Kaga kenan laifin da ya fi kowanne nauyi shine ya fi ƙarancin shiga rajista.

Akwai ma wani abu da na lura da shi, wani lokaci in adadi ya tashi a wata birgad ba wai ɓarayi ne suka ƙaru ba, sabon komanda aka kawo mai karɓar mutane da mutunci kuma ba ya neman kuɗin mai kafin ya motsa, sai jama'a su saki jiki su fara kai ƙara. Wata birgad kuma za ka ga rajista fes babu komai, ka je garin ka tambaya sai ka ji mutane sun yanke ƙauna ne kawai. Don haka in wani ya ce maka sata ta ragu da kashi kaza a bana ka tambaye shi a wace rajista.

Sannan ma'aunin laifi ba yawan laifin kaɗai bane, sai an raba shi da yawan jama'a, a ce laifi nawa cikin mutum 100,000. Ƙidayar 2005 ta ba garin Garwa mutum wajen 236,000, kuma an daɗe ana lissafi da ita alhali duk wanda ya san garin ya san Jambutu da Lainde da Takasko na wancan lokacin ba su bane na yanzu, gari ya miƙe ta ko'ina, a 2007 ma aka raba shi arondisman uku, wato gundumomi. Ƙauyukan Binuwai kuma tun shekarun 1970 mutanen Arewa Mai Nisa ke saukowa neman ƙasar noma, wajen Ngong da Lagdo da Bibemi sun cika maƙil, daga 2014 kuma waɗanda Boko Haram ta kora suka ƙaru a kai. Misali a ce da ana sace babur 200 a shekara yanzu ana sace 300, amma baburan gari sun ninka uku, toh a gaskiya haɗarin da ke kan babur ɗinka raguwa ya yi duk da cewa labarin sata ya fi yawa a kunne. Ga kuma WhatsApp, da in an yi fashi a Figil sai bayan kwana biyu direbobi su kawo labari, yanzu kafin jini ya bushe hoto ya isa Duwala, wani hoton ma na wata ƙasa ne ko na shekara biyar baya.

Abin da ya fi lamba amfani a wurinka shine ka gane inda laifin ya nufa, kuma ni a ganina duk tsawon shekarun nan kuɗi yake bi, inda kuɗi ya koma nan yake komawa.

A shekarun 1990 zamanin zargina ne, masu tare hanya. Ka tuna yadda abubuwa suka haɗu lokacin, yaƙe-yaƙen Cadi sun zubar da bindigogi ko'ina musamman bayan faɗuwar shugabansu Hissène Habré a Disamba 1990, a 1993 aka zaftare albashin ma'aikata, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa rabi. Ɗan kasuwa kuma a lokacin kuɗinsa a jikinsa yake, cikin aljihun 'yar ciki ko ɗaure a ƙugu, ranar kasuwa kowa ya san ta, Pitowa Lahadi, Adumri Alhamis, sai kawai su sa itace a hanya su kwantar da motoci goma a jere su bi mutane ɗaya-ɗaya suna cajewa, har takalmi suke cirewa. Akwai lokacin da hanyar Ngaundere zuwa Garwa zuwa Marwa har Kuseri sai an tara motoci an sa musu rakiyar soja. A 1998 aka turo jandarmomin yaƙi da 'yan fashi suka zauna Marwa, sun karya lagon zargina sosai amma an kashe mutane da yawa ba tare da an kai su gaban alƙali ba, Amnesty ta yi rahoto a kai, kuma ni da na yi aikin kotu ba zan taɓa cewa wannan daidai bane, don cikin waɗanda suka tafi akwai waɗanda gaba ce kawai ta sa aka nuna su da yatsa. A 1999 aka kafa rundunar soja ta musamman da ta zama BIR a 2001, asalinta ma don masu tare hanya aka yi ta. Hanya ta yi sauƙi, wannan gaskiya ne, yau kana iya shiga mota daga Ngaundere ka sauka Garwa abin da zai dame ka ramuka ne. Amma ba soja kaɗai suka yi aikin ba, kuɗi ne ya bar aljihu. Da kamfanin tura kuɗi Express Union ya bazu garuruwa, daga baya Orange Money da MTN suka shigo, sai ya zama in ka tare mota ka kwantar da mutum 30 abin da za ka samu bai kai haɗarin ba.

Toh sai suka duba wa ya rage da dukiyar da ake gani da ido kuma ba ta shiga waya, sai makiyayi. Saniya ba ta ɓuya, kuma Bororo yana zaune a daji nesa da birgad, yana son 'ya'yansa fiye da komai. Satar garke kacokan wahala ce, sai ka kora shi kwana da kwanaki ka nemi mai saye, amma in ka ɗauki yaro uban da kansa zai kai shanun kasuwa ya sayar ya kawo maka kuɗi tsaba. Abin ya fara ƙarfi ne ta ɓangaren Afirka ta Tsakiya bayan Bozizé ya ƙwaci mulki a 2003, mayaƙan da suka taimaka masa da yawa ba a biya su ba suka shiga daji da bindigoginsu, sai 2013 ƙungiyar 'yan tawaye ta Seleka ta zo ƙasar ta wargaje gaba ɗaya. A Maris ɗin 2015 har magajin garin Lagdo, Mama Abakai, aka ɗauka tare da abokan tafiyarsa wajen Garwa Bulai, sai Yulin 2016 suka dawo. Daga 2015 zuwa 2019 jihar Adamawa ta nan Kamaru ta ga tashin hankali, Mbere da Vina da Faro-e-Dewo, rugage suka watse, masu shanu suka gudo cikin Ngaundere wasu suka ƙetara Najeriya, har a Janairun 2019 shugaban ƙasa ya yi maganar a bainar jama'a aka tura jandarmomi na musamman da ake kira GPIGN. Da aka matsa musu can sai nauyin ya gangaro jihar Arewa, Mayo Rai tukuna, Tuboro da Madingirin da Colire da Rai Buba, sannan gefen Binuwai, Lagdo, Ngong, Bibemi, da Turuwa da Demsa masu iyaka da Najeriya. Ƙetaren iyaka a Cadi ma haka mutanen Mayo Kebbi ta Yamma wajen Pala da Lere ke fama, har 'yan jarida suka sa wa wurin da Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya suka haɗu suna kusurwar mutuwa.

Ƙasar ma tana taimaka musu. Gandun dajin Binuwai da na Faro da Buba Njidda tare da yankunan farauta da ke kewaye da su sun cinye sama da kashi 40 cikin 100 na jihar Arewa, daji ne da duwatsu babu hanya babu rezon waya sai ka hau tudu, ga masu haƙar zinariya birjik a ciki kowa na shiga yana fita ba mai tambayar wani. Ka tuna a farkon 2012 mahaya dawaki suka taso tun daga Sudan suka kashe giwaye ɗaruruwa a Buba Njidda suka yi makonni a ciki, toh dajin da zai ɓoye wannan ai ɓoye mutum biyar ɗaure da igiya ba komai bane. Kuma in an kore su nan cikin dare ɗaya sun ƙetara Cadi ko Afirka ta Tsakiya, sojanmu ya tsaya a iyaka.

Kar ka haɗa wannan da Boko Haram dan Allah, na san a kudu duk arewa ɗaya ce a wurinsu. Boko Haram tun ɗaukar wani iyalin Faransawa kusa da Dabanga a Fabrairun 2013 ɓarnarta a Mayo Sava da Mayo Sanaga da Logon-e-Shari take can Arewa Mai Nisa, Garwa zuwa Marwa kaɗai wajen kilomita 200 ne kafin ma ka doshi Mora ta Mayo Sava. Masu ɗaukar mutane a nan ba su da wata aƙida, kuɗi suke nema.

Bari in ba ka yadda wani fayil ya kasance don ka ga abin kusa. Wani dattijo makiyayi, bayan isha'i mutum shida ko bakwai suka shigo rugarsa, suka harba sama sau ɗaya, suka tafi da 'ya'yansa maza biyu suka bar lambar waya a 'yar takarda. Kwana biyu ba a ɗaukar wayar, rana ta uku suka ce sefa miliyon 10, ya ce wallahi bai da shi, sai mai maganar ya fara lissafa masa shanunsa, nawa ne nasa nawa ne na amana da wani alhajin gari ya ba shi kiwo, har bijimin da ya sayar makon da ya wuce da kuɗin da aka biya shi. Dattijon ya ce a nan ƙafafunsa suka mutu, don ya gane wanda ke ba su labari yana cin tuwo da shi. Kafin a daidaita sai da ya tura musu kredi na waya da shinkafa da sukari da taba da tramol. Ya kora shanu Adumri ranar Alhamis, kuma kasuwa ta riga ta san halin da yake ciki, saniyar da za ta yi jaka 300, kowace jaka sefa dubu, aka taya ta 180 ya sallama don ranar da aka yanka masa ta matso. Yaran sun dawo da tabon igiya a hannu, ƙaramin ya daina magana na tsawon lokaci. Bayan watanni aka kama wasu daga cikin ƙungiyar a wani aikin daban, ashe cikinsu akwai yaron maƙwabcinsa da yake taya su kai shanu mashaya.

Da ɗan gari akan ci gari Alhaji. A fayilolin garkuwa da suka bi ta hannuna, da wuya ka ga wanda babu ɗan gida a ciki, ko makiyayin da aka ɗauka aiki aka hana shi haƙƙinsa, ko dillali, ko ɗan klando, wato mai haya da babur, mai kai musu abinci bakin daji, ko ɗan'uwa mai jin haushin rabon gado, wani lokaci har cikin 'yan sintirin da aka kafa don tsaron garin. Masu bindigar na iya zama baƙi amma idonsu ɗan gari ne. Kuma ina so in faɗi wannan da babbar murya saboda yadda ake magana a majalisa, ana cewa ai Bororo ne ke yi. Akwai 'ya'yansu a ciki kamar yadda akwai na kowace ƙabila, na ga sunan Bahaushe a takarda na ga na Bafulatanin gari na ga na Kirista na ga na Musulmi, amma waɗanda aka fi ɗauka aka fi kashewa aka fi talautawa su ne Bororon, mutum mai shanu 200 ya wayi gari yana gadin shago a Garwa.

Sauyin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shine abin ya sauko ƙasa. Da masu manyan garke ake nema, da suka ƙare ko suka gudu sai aka koma kan manomi da Sodecoton, kamfanin auduga, ta biya kuɗin audugarsa, da wanda ya sayar da masara a Ngong, da mai ɗan shago a ƙauye, da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti, ana ɗaukar mutum a kan jaka 500 ko ƙasa da haka. Kuɗin kowane kai ya ragu amma gidajen da abin ke shafa sun ƙaru, kuma ƙananan ƙungiyoyi da ba su ƙware ba sun fi saurin kisa in suka tsorata. Yana kuma tafiya da lokaci, bayan biyan auduga da gabanin babbar sallah da dabbobi ke tsada, da kuma tsakiyar damina in ciyawa da masara suka yi tsawo rafi ya cika motar soja ba ta wucewa. In BIR suka yi zama a wuri sai a samu watanni shiru, in an ɗauke su abin ya dawo, shi yasa za ka ji mutumin Bibemi na cewa an samu sauƙi a watan da mutumin Turuwa ke kuka. In kana son bin abin mako-mako jaridar L'Oeil du Sahel ta fi kowa kawo labaran nan da sunan ƙauye.

Cikin gari kuwa abin da ya fi cika rajista satar babur ne da fizgen waya da fasa shago ko gida. Mafi muni a ciki shine na 'yan klando, fasinja ya tare yaro da dare ya ce kai ni bayan gari, ya ba shi kuɗi mai kyau, suna isa wurin duhu abokansa na jira da adda ko guduma, babur kuma kafin asuba an ƙetara da shi iyaka ko an wargaza shi an sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Fasa gida ya fi yawa daren da ake ruwa, ƙarar kwano ta rufe komai. Yawancin yaran da ake kawowa a kan waɗannan ƙanana ne, daga shekara 16 zuwa 25, kuma da wuya ka ga wanda ba ya shan tramol ko shaƙar sholisho. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato man da ake shigowa da shi daga can ta bayan fage, ta yi tsada, a gidan mai kuma lita ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023 sannan 840 a Fabrairun 2024, samari da yawa da ke ci daga kwalbar mai a bakin titi ko daga klando abincinsu ya ragu, ban ce talauci hujja bane amma wanda ya zauna kotu ya san in abinci ya yi wuya ƙananan sata na yawa. Ta ɗaya gefen kuma gasar kofin Afirka da aka buga wasu wasanninta a filin Rumde Ajiya farkon 2022 ta bar wa tsakiyar gari fitilu da tituna da kyamarori, manyan hanyoyi sun fi da haske, matsalar tana lungunan sababbin unguwanni inda gini ya riga hukuma isa.

Kai da za ka buɗe shago, ɓarawon da zai fi zuwa maka ba da wuƙa zai zo ba, ta waya zai zo. Mutum ya shigo da shiga mai kyau ya ɗauki kaya na jaka 80, ya ce zai biya ta Orange Money, ya danna-danna sai ka ji saƙo ya shigo wayarka da adadin daidai, yana sauri mota na jiransa, sai bayan ya tafi ka duba asusu ka ga babu ko dala, saƙon abokinsa ne ya rubuto daga wata lamba. Ko a kira yaronka a ce daga kamfani ne an turo kuɗi bisa kuskure ya danna kaza ya sa lambar sirri. Ka kafa doka a shagon, kaya ba ya fita sai an buɗe asusu an ga kuɗin da ido, lambar sirri kuma ba a faɗa wa kowa ko da ya ce shi darakta ne. Akwai dokar laifukan intanet tun Disamba 2010 amma kama su wuya ne don layukan da sunan wasu aka yi musu rajista, kuma yawancin waɗanda aka cuta kunya ke hana su faɗa. Kuɗin ciniki kuma kar ya kwana a shago kar ka riƙa tafiya da shi gida lokaci ɗaya ta hanya ɗaya kullum, masu kiyos ɗin tura kuɗi da aka tare galibi a hanyar gida ne bayan magariba.

Ta fuskar doka hukuncin ba wasa bane. A kundin laifuka na 2016 sashe na 318 sata shekara 5 zuwa 10 ce, sashe na 320 ya ninka in da makami ko fasa ƙofa ko dukan mutum, sashe na 324 kuma ya ɗora wa mai karɓar kayan sata irin hukuncin ɓarawon, toh in an kawo maka waya ko babur da araha babu faktir ɗin saye babu kart griz, takardar rajistar babur, ka bar shi, na ga 'yan kasuwa masu mutunci sun kwana gidan yari a kan wayar jaka 15. In an yi maka sata ka je ka kai ƙara a rubuce, 117 'yan sanda 113 jandarma, kuma ka riƙe lambar shasi ta babur da lambar IMEI ta waya tun ranar da ka saya, in ka danna *#06# za ta fito. Tsarewar bincike awa 48 ce ana iya sabuntawa sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da izinin prokirer a rubuce, shi yasa in ka kai ƙara ka ɓace ba ka kawo shaida ba za ka ga an saki mutum ka ce an ci kuɗi. Wani lokaci an ci ɗin, ba zan rufe maka ba, amma sau da yawa mai ƙarar ne dangin ɓarawo suka je suka ba shi haƙuri ya daina zuwa kotu, fayil ya mutu a hannunmu. Dukan ɓarawo har lahira da ake yi a kasuwa kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan, banda alhakin rai da yiwuwar kuskure, yaron da aka kashe shi kaɗai ya san wanda yake kai wa baburan, an binne shi da sunan, gobe mai sayen ya samu wani yaron.

Toh mu dawo kan shanunka. Ban ce kar ka yi ba amma kar ka fara da garke a daji da sunanka a kai. Ka fara da kiwon turke kusa da gari, bijimai kaɗan a gida ko fili mai katanga, ga turto, wato ƙulin irin auduga, na Sodecoton ga harawa da karan dawa, ka yi wata uku ko huɗu ka sayar gabanin sallah, ribar na da kyau kuma babu ɗan kowa da ke kwana a daji saboda kai. In ka nace sai garke, ka raba shi hannu biyu ko uku, ka nemi makiyayi ta hannun arɗon da aka sani ka biya shi haƙƙinsa a kan lokaci har da ɗan maraƙin da aka saba bayarwa, kowace saniya da shaidarta da takardar kasuwa da ta likitan dabbobi, kar ka riƙa zuwa ruga da babbar mota kar ka kwana can kar ka kai yaranka hutu can, kuma ranar da za ka sayar kar kowa ya sani sai ranar, kuɗin ya bi ta asusu. Ka sani fa in an ɗauki ɗan makiyayinka saboda shanunka kai za a kira, kuma a wurin Allah ma ba za ka ce babu ruwanka ba, toh ka yi wannan lissafin tun kafin ka sayi ta farko.

Kafin ka zaɓi wuri ka je da kanka da rana, ka gaida lawan ko jauro ka gaida komandan birgad, sannan ka zauna wajen mai shayi ko mahauta ka yi tambaya a hankali ba tare da ka faɗi abin da ke ranka ba. Ka tambayi yaushe rabon da a ɗauki mutum a nan da ƙauyukan kewaye, ka duba ko masu hali na garin a gidajensu suke kwana ko sun kama haya Garwa suna zuwa da safe, ka duba rugagen da ke gefen gari akwai hayaƙi ko kango ne, makaranta da ɗakin magani ma'aikatansu na nan ko sun gudu. Ka yi wannan zagayen sau ɗaya da rani sannan ka sake komawa a watan Agusta lokacin da ciyawa ta rufe hanya, in amsar ta zo ɗaya duka biyun sai ka sa kuɗinka. Allah ya dawo da kai lafiya, ka gaida iyali.